Ƙwaryar da Ta Kalli Bango

Malam Kalilu gyartai ne, ɗan gyartai. Shekara arba'in yana zaga kasuwannin Daura da Mashi da basillarsa, yana ɗinke wa masu tallar nono fasassun ƙore, har roba ta zo ta kashe masa kasuwa.

'Yan shekaru bayan ƙaddamar da Shari'a, mutanen garinsu suka buɗe cibiyar al'adu, suka ɗauke shi ya riƙa nuna wa baƙi sana'ar. A can ya tarar da wata tsohuwar ƙwarya, an juya ɗinkinta ya kalli bango. Kallo ɗaya ya gane hannun mahaifinsa: ɗinki biyu a jere, na uku a karkace. Ya juyo da ita.

Kullum Malama Fadila, mai kula da ɗakin kayan gargajiya na cibiyar, sai ta mayar, shi kuma ya juyo. Ran nan ta ce, "Baba, baƙi gefe mai kyau suke son gani."

Ya ce, "'Yata, mai santsin nan haka ya fito daga gona. Inda ta fashe, nan ne aikinmu."

Ba ta sake taɓa ƙwaryar ba.