Jiƙaƙƙen Tsumma a Bayan Inji

A zamanin Turawa, shekarar da kogin Haɗeja ya cika ya tumbatsa, aka ajiye ni a kan wani tudu a tsakiyar fadama tare da injin jan ruwa. Aikinsa ya zuƙe ruwan da ke taruwa bayan jinga ya mayar kogi, don kada ya shanye shinkafar ƙauyenmu. Gonar gidanmu ce a can ƙasan kwari, ita ruwa zai fara ci. Hanya ta yanke, sai kwalekwale, baturen injiniya kuma ya ce ranar da na bar tudun nan, a bakin aikina. Ɗakin kwano ne, ga zafi, ga sauro, ga ƙarar da har yau nake jin ta a kunnen hagu. Wallahi na tsani wurin nan.

Injin yana da agogon zafi mai allura da jan layi. Daga bayan agogon wata siririyar wayar tagulla ta zagaya ta jikin bango, a ƙarshenta wani ɗan kai kamar dabino, shi ake cusawa cikin wani rami a bayan injin. Doka ɗaya ce: allura ta taɓa ja, a kashe inji sai ya huce. To amma agogo ma yakan yi ƙarya, shi ya sa duk Asabar nake gwada shi. In tafasa ruwa a tukunya, in tsoma dabinon tare da ma'aunin gilashi da nake adanawa cikin auduga kamar ƙwai, in ga ko bakinsu ya zo ɗaya. In bai zo ba, in murza ɗan kusan da ke bayan agogon a hankali har su daidaita. Sai in bar ruwan ya sauko ya yi ɗumi, in sake dubawa.

Yayana ke kawo mini tuwo a kwalekwale, shi kuma ke zama da injin in na sauka bakin ruwa yin salla. Duk sanda na kashe inji sai ya hau ni da faɗa, wai ruwa na hawa ni ina nan ina gadin allura. Na yi masa bayani har bakina ya gaji, cewa allurar nan ba ita ke kawo zafin ba, labarinsa kawai take bayarwa. Sai ya gyaɗa kai irin na wanda ya ƙosa a gama magana. Ni kuma ƙane ne, iyakata in haɗiye.

Ran nan, washegarin gwaji, sai allura ta yi ladabi. Rana ta take, inji na ta aiki, ita ko kusa da ja ba ta zuwa. Hankalina bai kwanta ba, na ce zan sake gwadawa. Amma gwaji sai an kashe inji, Yaya kuwa ya ce in na kashe shi har ruwa ya ci gona, alhakin duk gidan yana wuyana. Ya kuma tuna mini da bakina na ce jiya ta fito cif. Haka na zauna, raina na ƙuna, ina jiran Asabar.

Asabar ba ta riske mu ba. Ranar Laraba bayan azahar ina hawowa daga salla na ji ƙaurin mai. Kafin in kai ƙofa injin ya yi wata irin ƙara, ya shaƙe, ya tsaya cak. Allura kuwa tana zaune lafiya lau a ƙasan ja. Na kutsa ta lungun bango na leƙa, sai ga dabinon an zaro shi rabi daga raminsa, an naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma, ga buta a gefe. Yadda muke yi wa tulu don ruwa ya yi sanyi, haka aka yi masa.

"Yaya, me ka yi?"

"Na ga ita ke sa ka kashewa," in ji shi, "shi ne nake sanyaya mata."

Makanike ba zai zo ba sai ruwa ya janye, mun san haka mu biyun. Muka fito muka zauna a ƙofar ɗakin, babu ƙarar inji, har kukan kwaɗi muke ji. Zuwa la'asar ruwa ya kai wuyan shinkafarmu.

Can ya jawo akushin da ya zo da shi, ya buɗe, ya turo gabana ba tare da ya dube ni ba.

"Ci, ƙanena," ya ce. "Na shinkafar bara ne. Ita ce ta ƙarshe a rumbu."