Buhunan Alhaji Mamman

Ni fa ina fadarmu ta samari ina shan shayina aka zo aka janye ni, wai baƙi sun tara 'yan unguwa za su koya mana yadda ake tsira daga ambaliya. Ni za a koya wa? Ni da na gama wannan karatun tun ina aji uku, ba allo ba mushe, wato malamin boko.

Wata Juma'a ce a tsakiyar damina. Gidanmu ne na ƙarshe a gangaren Birni, bakin tabkin da aka haƙi ƙasar ginin unguwar duka. Kafin ruwa ya sauka kowa yana kiran gayyar yaɓe, a dama fura, a raba goro. Inna ba miji, ba hatsin fura, namijin gidan ni ne, ni kuwa gwanintata a langa take. Bangonmu ya daɗe bai ga sabuwar laka ba, har ƙadangaru sun kama haya a ciki. Da hadari ya haɗu bayan an sauko daga masallaci, maƙwabcinmu Alhaji Mamman mai gidan siminti ya sa yaransa suka jera buhunan yashi, suka toshe lungun da ruwa ya saba bi. Ruwa ya juyo, ya miƙo ƙofarmu kamar an yi masa kwatance. Muna kwarfewa da ƙwarya da kaskon ƙosan Inna, bango ya jiƙa ya zauna a kan akuyarmu da ƙafar ƙanwata Hadiza. Akuyar aka yanka. Ƙafar har yau janta take yi.

Aka zuba mu a lekwal, makarantarmu ta boko, cikin ajinmu ma. Yara suka raɗa mani "Mai gadin aji", suna bin Hadiza a baya suna kwaikwayon tafiyarta. Inna ta kai ƙara wurin mai unguwa, ya ce, "Haƙuri, baiwar Allah, ruwa ba ya zaɓen gida."

Yanzu an yi kaniwo na magudanar ruwa, ya bi layin masu siminti ya tsaya cak. Inda ɗakinmu yake, kwaɗi ke kiran taro. Inna ta rasu a ɗakin haya a Zango, ba ta taɓa daina tashi tsaye in ta ji tsawa ba.

A taron nan, ga Alhaji Mamman a kujerar gaba da furfurarsa, yana gaya wa baƙi cewa abin duk ƙaddara ne. Na ɗaga hannu kamar ɗan kirki.

"Gaskiya ne, Baba Alhaji, ruwan daga sama ya zo. Buhunan fa, su ma daga can suka faɗo?"