Malam Kamus na bakin kwata

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka bugo min daga Bunkure: Malam Isyaku ya rasu.

Tun ɗazu na kasa zama. Na haɗa shayi ya huce, na fita ƙofar gida na dawo. Bari in rubuta ko na samu sauƙi.

Shi ya koya mana Turanci a sakandare a shekarun tamanin. Kamus muke ce masa, a ɓoye mana. Mutum ne da ba ya iya cewa ya yi mamaki, sai dai ya zama flabbergasted. Ana tsakiyar rani, leɓe na tsagewa, yana koya mana raining cats and dogs, wato ruwan sama kamar da bakin ƙwarya.

A shekarata ta ƙarshe Baba ya ce in bar makaranta. Ni ne ɗan fari, tumatir ya fara fure, kuma ranar da aka sako mana ruwan noman rani a kwata, wato magudanar da ke kai shi gonaki, ba a jiran kowa. In ka makara, naka ya wuce gonar wani.

Na daina zuwa aji.

Wata safiya ina cikin taɓo har gwiwa, sai ga Malam a kan keke, ya naɗe wando, ya tsaya a bakin kwata.

Baba ya ce, "Malam, wannan Turancin naka tumatir zai sha?"

Ya ce, "A'a Alhaji, ruwa zai sha. Yaron ya ba shi ruwan, ni in ba yaron Turancin. Ba sai ya saki fartanya ba."

Haka aka yi. Duk ranar ruwa, bayan an tashi makaranta, sai ya zo. Yana kan tudu yana jefo kalma, ni ina ƙasa ina buɗe wa ruwa hanya ina haɗa jimla. Maƙwabtan gona suka riƙa tsokanata: "Bature, yau me aka ce wa albasa?" In na sa kalma inda ba wurinta ba sai Malam ya ce, "Ka sa babbar riga ka shiga kwata. Sake!"

Sauran ranaku Baba ya bar ni na koma aji, ba tare da ya taɓa cewa ya yarda ba. Na zauna jarrabawa, na ci.

Da ƙaramar sallar da ta wuce na je gaishe da Malam. Ido ya tafi, baki na nan. Ya tambayi lafiyata na ce fine. Ya ce, "Duk wahalar kekena, fine kawai?"

Muka yi dariya. Ya ce, "Ka san da sakamakonka ya fito mahaifinka ya zo gidana da kwandon tumatir? Ya ce in koya masa kalma ɗaya mai nauyi da zai faɗa maka. Na ba shi congratulations. Ya yi ta maimaitawa a zaurena har ta zauna. Ya faɗa maka?"

Bai faɗa ba. Kunyar ɗan fari ta hana shi. Abin da na tuna, ya dubi takardar ya ce, "To, madalla," ya ɗauki fartanyarsa.

Baba ya daɗe da rasuwa. Sai a zauren Malam na ji gaisuwar tasa.

Allah ka gafarta wa Malam Isyaku, ka haskaka kabarinsa, ka haɗa su da Baba a Aljanna. Don Allah duk wanda ya karanta, ya sa su biyun a addu'a.