Sabi'u da Bangon Bulo Mai Rami

Sabi'u ƙanena ne, kuma tun muna yara a garin Ƙofa ba a gaya masa abu ya ce to. Sai ya gwada. Taurin kan nan ya kai shi karatun fiziks, ya kawo shi Kankia yana ɗaukar hoton ƙashi a wani ƙaramin asibitin kuɗi, yana kuma binciken digiri na biyu. Ina alfahari da shi, amma ba na faɗa a gabansa, kada kansa ya ƙara girma.

A bayan ɗakin hoton akwai inuwa, nan Adda Safiyya mai awara take sana'arta. Kullum tana shimfiɗa wa jaririyarta zane a gindin bangon. Sabi'u ya tambayi maginin ɗakin, ya ji bulo mai rami aka sa, irin na kowane gida. Littattafansa kuwa da zubin kankare suke lissafi. Hankalinsa ya tashi, don hasken injin hoton na iya ratsa irin wannan bango ya cutar da mutum, ga shi babu na'urar awonsa a kusa.

Sai ya gina bangon a cikin kwamfuta, har da ramukan. Ya sa ta harba ƙwayoyin haske na kwaikwayo, miliyoyi, kowace ƙwaya ƙuri'a ce ke zaɓa mata hanya: wata siminti ya shanye ta, wata ta kauce, wata ta bi rami ta fita. Da ya tara waɗanda suka fita, sun yi wa babba yawa, balle jinjirar da ke wuni a wurin.

Mai asibitin, Dakta Abdulmuhaimin, ya ce a tashi matar kawai. Adda ta ce, "Ni ba ni zuwa ko'ina. Nan ga masu saye suka san ni. Mi na yi ma bangonku?"

Sabi'u ya roƙe ta ta matsa na ɗan lokaci saboda yarinyar. Ya ce wa likitan, "Yallaɓai, ko ta tashi, gobe wata za ta zauna. Bangon za a gyara." Ya sake gwajin a kwamfutar da ƙarin zubin kankare daga ciki, ya nuna masa sakamakon. Likitan ya yi ta mita, amma ya kira magini. Da aka gama, aka aro na'ura daga jami'a aka auna, ta ba kwamfutar gaskiya.

Sai dai tsoro ya riga ya shiga Adda. Ta dawo da kaskonta, amma a cikin rana take suya, yarinyar na goye tana kuka. Sabi'u bai yi mata dogon bayani ba. Ya bar abokin aikinsa a kan injin, ya fito ya jingina da bangon, ya ce a zuba masa awara da yaji. Ana ɗaukar hoto a ciki, shi yana cin abinsa. Adda ta daɗe tana kallonsa. Can ta kwance goyon, ta shimfiɗa zanen, ta kwantar da ɗiyarta kusa da ƙafarsa.