Birkin Malam A-Hankali

A duk makarantar koyon tuƙin nan ba wanda ya kai Malam A-Hankali iya aiki, wannan ko maƙiyinsa ya sallama masa. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, don ko shayi ya miƙa maka sai ya ce, "A hankali." Motarsa irin ta koyarwa ce, mai birki biyu, ɗaya na ɗalibi, ɗaya a ƙarƙashin ƙafar malami. Da 'ya'yan mutane yakan ɗage ƙafa ya bar yaro ya nufi tarin tayoyi, har sai cikinsa ya ɗuri ruwa ya taka da kansa. Ya ce haka ƙafa ke koyon hankali.

Amma fa 'ya'yan mutane na ce.

Tasa 'yar guda ɗaya ce tilo, an daɗe ana jiranta, kuma tun da ta zo duniya bawan Allahn nan bai sake barci da ido biyu rufe ba. Shi yana kiranta Mamana, unguwa kuwa 'Yar Ƙwai. Ya naɗe kusurwoyin tebur da soso. Ya hana ta keke, ya hana ta wuƙa, lemo ma shi ke ɓare mata. Ta gama sakandare ba ta taɓa tsallaka titi ba tare da an riƙe mata hannu ba. In malamai suka yi mata tambaya a gabansa, kafin ta buɗe baki ya amsa. Haba, wace irin ƙauna ce wannan?

Matarsa ta yi magana har bakinta ya gaji. "Malam, yaron da bai faɗi ba ai bai iya tafiya ba."

"Rigakafi ya fi magani," in ji shi.

Da yarinyar ta samu gurbi a makarantar koyon jinya can ƙarshen gari, sai ya ce shi zai riƙa kai ta, ya jira a bakin ƙofa, ya dawo da ita. Karon farko a rayuwarta ta ce a'a. Da kuka ta faɗa, amma ta faɗa. Uwar ce ta raba gardama: in ta ci gwajin tuƙi, ta ɗauki tsohuwar motar gida ta riƙa kai kanta, in ta faɗi, uban ya ci gaba da dakonsa. Ya yarda, da sharaɗin shi zai koya mata. Ita kuwa 'Yar Ƙwai, yadda ta ƙwallafa rai a kan lasin nan, sai ka ce takardar sallama daga kurkuku.

Kuma ta iya, wallahi ta iya. Sitiyari, giya, madubi, kwana, ba abin da ya gagare ta. Sai dai ƙafar uban ba ta taɓa barin birkinsa ba. Akuya ta ɓullo daga nesa, ya taka. Mai babur ya yi hon, ya taka. Yana yi a hankali, da santsi, irin na gwani, har yarinyar ba ta jin an yi komai. Ya san da 'ya'yan wasu ba haka yake yi ba, amma kullum sai ya ce wa kansa gobe zai ɗage.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar gwaji aka sa ta a motar ofis, mai birki ɗaya, jami'in gwaji a gefenta, uban kuwa aka ce ya tsaya bayan igiya. Ta sha kwana tsaf, ta yi baya tsaf. Saura abu mafi sauƙi, ta zo ta tsaya a gaban jeren durom. Ta taho. Ta ci gaba da tahowa. Malam A-Hankali yana ta dukan ƙasa da ƙafar dama har takalminsa ya haƙa rami, amma ina! Garam! Durom suka watse, ɗaya ya gangara har gindin katanga.

Ba wanda ya ji ciwo. Malam ya iso a guje, ya tarar jami'in yana dafe da goshi.

"Ke, ba ki ga durom ba ne? Me ya hana ki taka birki?"

Uban ya buɗe baki zai amsa, kamar kullum. Ta riga shi.

"Na gani. Na ɗauka motar za ta rage gudu. Kullum in an zo nan tana ragewa da kanta."

Jami'in ya juyo ya dube shi. Ya san shi sarai, ɗalibansa nawa suka bi ta hannunsa suka ci. Da wannan kallon gara ma a ce ya zage shi.

Da za su koma gida, Malam ya miƙa mata makullin motarsa, ya ce ana sake gwaji, ba komai, sai an gwada akan san na ƙwarai. Ta dubi makullin kamar an miƙo mata garwashi. Ta buɗe ƙofar baya ta shiga ta zauna.

"Ka riƙa kai ni kawai, Baba. Da ma ka faɗa, ba zan iya ba."

Bai taɓa faɗa ba. Da baki dai bai taɓa ba.

Abin da yake so ke nan tun farko, ga shi ya samu, amma sai ga kunya, ga baƙin ciki. Washegari da safe matarsa ta same shi kwance a ƙasan kujerar mota da sifana, yana kwance birkin nan nasa, gumi na zuba. Ya fito da ƙarfen ya ajiye mata a bakin ƙofa.

"Ki ce Mamana ta fito. Yau ita kaɗai za ta taka."

Matar ta shiga, ta daɗe, ta dawo ita kaɗai.

"Ta ce tana tsoro."

Ya koma ya zauna a kujerar malami, kujerarsa ta kullum, ya bar ta direba a buɗe, makulli a jiki. Har rana ta take yana nan yana jira.