Kawu da Gimbiyar Ɗakin Gwaji

Kawuna ya shekara talatin yana goge gutsattsarin ƙarfe a ɗakin gwaji na wata masana'anta. Yakan goge har sai ya hango furfurarsa a jiki, ya ɗiga asid, ya leƙa ta madubin ƙara girma, ya faɗa wa injiniyoyi yadda ƙwayoyin ƙarfen suka kwanta. A lokacin, ko manaja sai ya ƙwanƙwasa kafin ya shigo.

Sai aka kawo sabuwar na'ura. Tana harba hasken lesa a kan ƙarfe, ƙarfen ya yi wani amo da kunne ba ya ji. Daga saurin amon take gane inda kowace ƙwaya ta fuskanta, ta zana taswira mai launuka. Kawu ya laƙaba mata Gimbiya, don ita aka saka wa na'urar sanyaya ɗaki, shi kuwa fankarsa sai ta ga dama take juyawa.

Ranar da baƙi suka zo, suka yi cincirindo gaban taswirar suna ta santi. Injiniyar da ke sarrafa na'urar ta nuna Kawu ta ce, "Baba ne ya goge ƙarfen. In bai yi sumul ba, ba ta jin komai."

Suka waiwayo, suka gyaɗa kai, suka mayar da ido kan allo.

Da ya ba ni labari na ce, "Kawu, ai an yabe ka."

Ya ja tsaki. "Yabo? Da ni ake tambaya me ƙarfe ya ce. Yanzu sakace wa Gimbiya kunne nake yi."