Tirela Ta Ja Mu da Baya a Hanyar Ɗa'if

Jama'a, yau tirela ce ta ja motata, ba motata ce ta ja tirela ba.

Da safe muka tashi daga unguwarmu Ka'akiyya za mu je shan iska garin Ɗa'if, ni da maiɗakina da yara da Kawu Sale. Na ce masa, "Kawu, motar nan ƙarama ce, tanti da katifu kawai za ta iya ja." Ya ce, "Ya sheikh, ba komai!" Ya ɗora tankin ruwa cike a kan 'yar tirelar da na ɗaura wa motar a baya, ya ƙara da janareta.

Muna tsakiyar hawan dutse motar ta yi gurnani ta tsaya. Sai ta fara komawa baya! Na danne birki, a banza. Maiɗakina ta rungume yaran tana salati. Tirelar ta karkace ta daki ƙarfen gefen titi, shi ya tare mu. Bayan ƙarfen nan rami ne, ban hango ƙarshensa ba.

Kowa lafiya. Muka fito muka zauna a ƙasa. Birai suka sauko suna kwasar burodinmu, ba wanda ya kore su.

Can Kawu ya ce mini, "Sadiƙu, zubar da ruwan nan."

Har yanzu ba na jin ƙafata ta dama saboda danne birki.